Bargon da Na Saƙa da Ƙwai a Hannu

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan walimar suna a nan garin Bowie, kun biyo ni gareji wai za ku ga masaƙa. Sadik mai karatun injiniya ya kalle ni ina aiki na minti biyu, ya zuba hannu a aljihu ya ce, "Kawu Habu, ai wannan easy ne. Ka taka, ka jefa, ka ja. Weekend ɗaya ya ishe ni." Fa'iza ta ce ita ma ta ga yadda ake yi a waya. Na yi dariya har na saki igiya. Ina shirin ba ku amsa aka ce an sauke shinkafa, kuka watse kuka bar ni da baki buɗe. To ga amsar na rubuto muku, ku karanta in kun ƙoshi.

Ni ɗan masaƙa ne tun daga gida. A wani ƙauye kusa da Minjibir aka haife ni, kuma kafin in iya wanke allona na iya naɗa zare a kwarkwaro, ɗan karan nan da masaƙa ke naɗe zare a jikinsa. Mahaifina luru yake saƙawa da gwado, na auduga, siri-siri, a ɗinke su su zama mayafi. Doka ɗaya ce a rumfarsa: ka buga matsefi, wato katakon nan mai haƙora da ke danne zare, da ƙarfi, zare ya manne da ɗan'uwansa. In ka kawo masa saƙarka sai ya ɗaga ta ya kalli rana. In ya hango haske ko kamar tsinin allura, ka sha ranƙwashi, sannan ka zauna ka warware. A wurinsa sakakkiyar saƙa aikin rago ce, ko na maha'inci mai cin zaren mutane. Na shekara goma sha biyar ina bugun matsefi a gabansa, har hannuna ya riƙa yi ba sai na sa shi ba.

Wan mahaifiyata da ke aiki a sashen Hausa na gidan rediyo shi ya kawo ni ƙasar nan ta Turawa. Aikina na farko shara da goge-goge ne a manyan ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest, kuma na shekara huɗu ban taɓa zare ba sai na ɗinka maɓalli. Wata Asabar ina ratsa kasuwar masu sana'ar hannu na ji wata ƙara, ƙwas, dum, ƙwas, dum. Wallahi gashin jikina ya tashi! Na bi ƙarar har na iske wani gajeren tsoho mai kaurin gira yana nuna wa mutane saƙa a kan wata ƙaramar masaƙa. Ina tsaye zare ɗaya ya tsinke, shi bai lura ba. Ban san lokacin da na sunkuya na kamo bakin biyu na ƙulla ba. Tsohon ya tsaya, ya murza ƙullin da yatsa, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Wa ya koya maka?" ya tambaya da Turancinsa mai gurɗe-gurɗe.

Na ce, "Babana."

Ya ce, "Ka zo ranar Litinin."

Sunansa Anselmo, mutumin ƙasar Sifen, amma ni Tsoho nake ce masa, kuma yana amsawa. Turancinsa rabi ne, nawa ma rabi, sai muka haɗa da hannu da ido muka cike.

Ranar Litinin ɗin na ga abin da ban taɓa gani ba. A wani tsohon sito yake aiki, kuma a tsakiyarsa ga masaƙa ta katako wadda faɗinta ya fi ni ko na miƙe hannuwana biyu. Ita ce wannan da kuka gani a garejina. Mu a gida da hannu muke jefa ƙoshiya, wato ɗan kwale-kwalen katakon nan da ke ɗauke da zare. A nan kuwa faɗin ya fi ƙarfin hannu, sai an fizgi igiya ta harba ƙoshiyar, ita kuma bakinta biyu ƙarfe ne. Fizgar farko da na yi, ƙoshiya ta yi tsalle ta bar hanya ta fasa gilashin taga. Tsoho ya je ya ɗauko ta a waje, ya duba bakinta, bai ko kalli tagar ba. Wata uku na yi ina naɗin zare da shara kafin ya sake barina in taɓa igiyar. Sadik, ka lissafa weekend nawa ke nan.

Sai ulu, gashin tumaki. Ni auduga na sani, mai ladabi, inda ka ajiye ta nan take zama. Ulu kuwa yana miƙewa yana komawa, yana shan damshi, ranar ruwa daban ranar sanyi daban. Da man zaitun ake shafa shi kafin a kaɗa, shi ya sa sitonmu kullum yake ƙanshin rago da miya. Tsoho ba ya rini. Farin tunkiya da ja-ja mai duhu na wata tunkiyar, su ne launinsa, sai ya jera su ratsi-ratsi a baki biyu na bargo.

Da azahar in na idar da salla muna cin burodi da zaitun, nan yake ba ni labarin garinsu. Ƙaramin gari ne mai fararen gidaje a kan duwatsun kudancin Sifen. Ya ce ƙasar da ke kewaye da su busasshiya ce, amma su gajimare a kan duwatsunsu yake sauke kayansa, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan ruwan shi ya yi musu sana'a. Da shi ake wanke ulu, shi kuma yake juya manyan ƙafafun katako masu ɗaga gudumomin da ke kirɓa bargo. A zamanin kakannin kakanninsa, in ji shi, da wuya ka wuce gida ba ka ji ana kaɗi ko saƙa ba. Makiyaya da masu alfadarai da bargon garin suke yawo, shi ne rigar ruwansu, shi ne shimfiɗarsu. Har 'yan fashin dutse, ya ce yana dariya, ba sa yarda da wani bargo sai nasu. Daga baya masana'antu suka buɗe a manyan birane suna fitar da kaya mai araha, jirgin ƙasa kuma da aka shimfiɗa bai hawo dutsen ba. Masaƙu suka yi ta rufewa, samari suka yi ta tafiya, shi ma ya bi sahu. Na ce masa, "Tsoho, ai labarin ƙauyenmu kake bayarwa, dutsen ne kawai ba mu da shi." Daga ranar ya fara zuba mini zaitun fiye da nasa.

Aikin farko da aka sayar da hannuna a kai shi ne tawul ɗin kicin na auduga guda goma sha biyu, wata mata da ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta yi oda. Na zauna na buga su bugun Minjibir. Tsoho ya ja ɗaya da hannu biyu, ya kasa motsa zare ko ɗaya, ya sumbaci yatsunsa ya ce, "Ƙarfe!" Kaina ya kumbura. Daga nan duk aikin auduga ya dawo hannuna, tawul, shimfiɗar tebur, labule. Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai mai shafa kaya rabin awa ya tambayi kuɗi ya ce a kanti ya fi araha, kamar mun ce masa bai fi ba. Akwai wani likita ɗan ƙasarmu a garin Mitchellville da ya sayi bargo babba, ya jefa shi a injin wanki da ruwan zafi, ya bi da injin busarwa, ya dawo mana da abin da ko jariri ba zai rufe ba, yana cewa, "Malam Habu, ku duba mini, wannan kaya naku defective ne." Tsoho ya rungume bargon kamar an kawo masa gawa.

Amma bargon ulu, Tsoho bai taɓa bari na saƙa ba. Shi kaɗai yake yi, ni ina kallo ta wutsiyar ido, ina jin kunya a madadinsa. Yana jan matsefi a hankali kamar mai tsoron tada barci. Saƙar tana fitowa sakwa-sakwa, kana hango ƙasa ta cikinta, ga ta da faɗi da tsawo fiye da kowane gado. A raina na ce tsufa ne ya sassauta masa hannu, ido kuma ya fara ƙin awo. Ran Asabar sai ya loda su a mota ya kai gonar wani abokinsa, inda ya harhaɗa injin kirɓi da hannunsa, ya dawo da su masu kauri da laushi. Ni ban taɓa binsa ba, don Asabar ina wurin goge-gogena. Abin da na ƙudurta shi ne, in har sakakkiyar saƙa tana dawowa da kyau haka, to ranar da aka kirɓa matsattsiya irin tawa, sai an zo kallo daga wata jiha.

A shekarata ta uku da shi abubuwa suka taru. Ɗan'uwansa da ya rage a garinsu ya tsufa ya sayar da tumakinsa, amma kafin ya sayar ya sa aka yi musu aski na ƙarshe, aka wanke, aka kaɗa, ya aiko wa Tsoho. Zaren bargo biyu ne da 'yar rara, ba kuma za a sake samun wani daga wannan garken ba. Tsoho ya ajiye shi don 'yarsa Marisa, ita kaɗai gare shi, malamar makaranta ce, an sa bikinta farkon sanyi. A gidansu ba a taɓa kai amarya ba tare da bargon da ubanta ya saƙa ba. Saura wata uku biki, Tsoho yana ɗaure takalmi da safe, ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi, sai wani sauti guda da yake iya fitarwa.

Sito ya yi tsit. Masu oda suka janye, na koma goge-goge kwana biyar a mako. Wata rana Marisa ta same ni ina share ƙurar masaƙa, ta ajiye buhun zaren a gabana.

"Habu, ba ya cin abinci," ta ce. "Kullum hannunsa yake kallo, sai ya nuna kalanda. Za ka iya?"

Na ce, "Ni? Ki je ki gaya masa ya ci abinci. Bargon da zan yi miki, jikokinki ma sai sun gaji da shi."

Na auna gadon amarya, na ƙara taƙi ɗaya saboda na san ko auduga tana ɗan shiga in ta ji ruwa. Na ja zaren tsaye a matse. Sannan na zauna na ba shi duk abin da mahaifina ya ba ni. Kwana tara ina bugu har kafaɗata ta yi tsami. Na lura zare yana tafiya da sauri fiye da yadda ya kamata, na ce ai haka aikin kirki yake, yana da ci. Da na sauke na ɗaga shi a taga, ko ɗigon haske babu. Na ce ina ma Baba yana raye ya gani.

Ranar Asabar muka kai shi gona ni da Marisa. Injin kwami ne na katako da gudumomi biyu manya, a zuba ruwan ɗumi da sabulu, gudumomi su yi ta kirɓa bargo suna juya shi. Aka kunna, na koma gefe ina shan shayi ina taƙama. Da muka fito da shi sai na ajiye kofin shayin. Ya shige, ya ƙanƙance, ya sandare, bakinsa ya yi tudu da kwari. In ka tsayar da shi a jikin bango sai ya tsaya da kansa. Mai gonar ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce ya dace da ƙofar shiga. Shi ne wannan da kuka tattaka a bakin garejina, shekara ashirin da wani abu ko gezau bai yi ba.

Abin da ban sani ba shi ne, bargon ulu ba a kan masaƙa ake gama shi ba, a cikin ruwa ake gamawa. Gashin yana buƙatar wuri ya kumbura, ya kama na kusa da shi, ramukan nan da nake raina su rufe da kansu. Tsoho wurin yake bar masa. Faɗin da nake cewa kuskuren ido ne, na abin da ruwa zai ci ne. Ni kuwa na toshe ko'ina, na kuma cinye fiye da rabin zaren. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da muka iso gari Marisa ta ce, "Dole ya gani."

Muka kai masa a gidan jinya. Ya shafa shi da hannun hagu, ya rufe ido. Na ce yau kashina ya bushe. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, ashe dariya yake yi, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Ya nuna ni, ya dunƙule hannu ya buga a kan cinyarsa, dum, dum, yana kwaikwayona. Sannan ya nuna keken guragu, ya nuna ƙofa. Likitansa ya yarda a riƙa kawo shi sito awa biyu kullum da hantsi.

Muka auna sauran zaren. In aka yi shi sakwa-sakwa yadda ya kamata zai kai bargo ɗaya, ba ragowar ko na ɗaure buhu. Saura mako biyar. Tsoho ya sa na ja zaren tsaye ta kan turakunsa na awon bargo, waɗanda hannunsa ya goge har suka yi sheƙi, faɗin ya fito har ina jin tsoro. Na hau na fara. Jefa ɗaya, biyu, na uku hannuna ya koma gida, dum! Tsoho ya ƙwala mini sanda a gwiwa. Na warware na sake. Bayan jefa biyar, dum! Kaina ya gane, amma hannun nan na Minjibir ya ƙi ji. Kwana biyu muna haka, ban saƙa abin da ya kai taƙi ba, gwiwata duk ta yi tabo.

Rana ta uku ya zo da kwali a cinya, ya sa Marisa ta saya masa a hanya. Ya buɗe, ƙwai ne ɗanye guda goma sha biyu. Ya ɗauki ɗaya ya sa mini a tafin hannun da nake jan matsefi, ya naɗe yatsuna biyu a kansa, ya bar mini sauran in kama katako da su. Ya ɗaga gira, wato bismilla.

Na farko ya fashe kafin in yi jefa huɗu, ya bi ta hannun rigata. Na biyu ya kai minti goma. Tsoho yana ta buga keke don daɗi, Marisa ta shimfiɗa leda kada ya taɓa zare. Na uku ya kai azahar. Na koma gida matata ta kalli rigata ta ce, "Malam, saƙa ka koma ko suyar ƙwai?" Na huɗu kuwa, jama'a, na huɗu bai fashe ba! Na ji matsefi yana zuwa da nauyin kansa, yana sumbatar zare yana komawa, ni rakiya kawai nake yi masa. Ƙarar masaƙar ma ta sauya. Na waiga na ga Tsoho ya rufe ido yana kaɗa kai daidai da ita. Kowane taƙi sai ya sa na haska fitila ta ƙasa, ya duba ramukan, su fito murabba'i daidai wa daida, ba tsaye ba, ba kwance ba. Mahaifina yana duba haske don ya kama mai laifi, wannan yana duba shi don ya tabbata yana nan. Kwana goma sha shida na yi da ƙwan nan a hannu, kuma zaren ya ƙare saura yatsa uku a kwarkwaro.

Likita ya hana a kai Tsoho gona saboda sanyi, don haka kirɓin ya zama nawa ni kaɗai. Wannan karon ba shayi. Na durƙusa a bakin kwami, kowane ɗan lokaci in tsayar da inji, in zaro bargo, in miƙe shi, in auna da igiyar da Tsoho ya ƙulla mini, in mayar. Kirɓi ba ya komawa baya. In ya wuce ya wuce. Ina gani ramukan suna rufewa, ratsin ja yana narkewa cikin fari, abin da ya shiga kamar ragar kamun kifi yana zama bargo a hannuna. Da faɗinsa ya zo daidai ƙullin igiya na kashe inji na yi kabbara da ƙarfi, har karen gonar ya gudu. Muka ɗauraye, muka shanya shi a miƙe a kan firam na katako. Da ya bushe na kwana uku ina taje shi da busassun kawunan wata ƙaya da Tsoho yake shukawa a bayan sito, har gashinsa ya tashi ya kwanta gefe guda.

Saura kwana shida biki muka kai masa, da rana, yana zaune a bakin taga. Marisa ta shimfiɗa masa a cinya. Ya shafa bin gashi, ya shafa saɓanin gashi. Ya murza baki, ya sansana, ya ɗaga kusurwa ɗaya ya ji nauyi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwan da ke kan tebur, ya tuntsurar da shi gaba ɗaya a tsakiyar bargon amarya.

Na yi salati. Marisa ta dafe baki. Ruwan ya taru wuri ɗaya ya tsaya yana rawa, bai shiga ba. Tsoho ya ɗaga gwiwarsa mai lafiya, ruwan ya gangara ya zube a ƙasa, ya jiƙa takalmin ma'aikaciyar jinya da ta shigo tana faɗa. Ya sa tafin hannu a wurin, ya juyo ya nuna mana, a bushe.

Sannan bakinsa ya fara motsi. Wata uku ba a ji kalma daga gare shi ba. Ya yi ta kokawa da ita, mu duka muka zuba masa ido har da mai faɗan, sai ga ta ta fito, kalma uku da harshensu, a karkace amma a fili. Marisa ta durƙusa ta kifa fuska a bargon tana kuka.

Na ce, "Me ya ce? Marisa, don Allah me ya ce? Akwai gyara?"

Ta ɗago ta ce, "Ya ce, na garinmu ne."

Ni kuwa har yau ban taɓa taka garin ba.